Koren Zare a Hular Malam Mode

Bayan sallar Juma'a aka kira Sufeto Tasi'u kasuwar Boɗinga. An sace kan keken ɗinki a shagon Maniru tela.

Wata gidauniya ce ta raba wa matasan teloli kekuna. Ran Litinin jami'anta za su zo dubawa. Wanda ba a ga nasa ba, za a ɗauka ya sayar, a soke sunansa har abada.

"Ka kulle shagon?" Sufeto ya tambayi Maniru.

"Labule kurum na saki, yallaɓai. Nan ba mu kulli don Juma'a."

"Me kake ɗinkawa?"

"Rigunan makaranta. Kore."

Sufeto ya duƙa gaban teburin. Ba a ɓalle komai ba. An cire bel an rataye a ƙusa, notuna huɗu suna jere cikin aljihun tebur.

"Wannan ba ɓarawon kasuwa ba ne," ya ce da kofur ɗinsa. "Ya tausaya wa keken."

Zuwaira mai ƙosai tana tsallaken shagon.

"Ban ga baƙo ba, ranka shi daɗe."

"Ban ce baƙo ba. Wa kika gani?"

Ta juya ƙosanta. "Malam Mode ya wuce da buhu. Amma shi ya koya wa Maniru ɗinki, ai ubanai na."

Sun tarar da Malam Mode a rumfarsa yana taka wani tsohon keke mai ƙara.

"Ina ka yi Juma'a, Malam?"

"Shagari. Yanzu na sauka."

"Buhun fa?"

"Albasa ta."

"Ka taɓa ganin sabon keken Maniru?"

"Mi zan gani? Yaron da bai iya wuyan riga ba har yau."

Sufeto ya daɗe yana kallon hular Malam Mode.

"In za ka ɗauki kan keke, me kake fara yi?"

"Cire allura, kada ta karye. Ko yaro ya san wannan."

"Sai ka soke ta a ina?"

Hannun Malam Mode ya tafi hularsa da kansa, ya tsaya. Allura na nan, da guntun koren zare. Farin yadi ne a kan kekensa.

A rumbun gidansa aka sami keken, naɗe da sabon zane, an sa masa mai.

"Shekara talatin da ɗaya ina taka wancan gwangwani," in ji Malam Mode. "Masu gidauniya sunka zo, sunka ce matasa kaɗai. Ni na cika ma Maniru takardar da hannuna. Ba saidawa zan yi ba. So nike Litinin ta wuce."

Sufeto ya ƙarasa masa:

"A soke shi."

"A soke shi."

Maniru, da ya biyo su, ya durƙusa. "Yallaɓai, a bar Baba. Na yafe."

"Ka faɗa wa alƙali."

Kofur ya buɗe ƙofar mota. Malam Mode ya sa ƙafa ɗaya, ya waiwayo, ba Maniru ya kalla ba, keken.

"Zarenka ya cika tsauri," ya ce da Maniru. "Kashe keken za ka yi."