Ƙyallen da Aka Kwance a Mararraba

Da hantsi aka bugo wa caji ofis waya cewa masu itace sun ga gawa a kwazazzabo, ƙarƙashin tsohuwar gadar da ruwa ya cinye a gandun daji.

Insifekta da Saje suka hau motar sintiri. Kwalta ta ƙare tun a bakin gari, daga nan sai burji, jar tsakuwa mai hawa tudu ta gangara, ta kurɗa tsakanin dogayen itatuwa. Nan ne 'yan ƙungiyar keke na birni suke zuwa duk ƙarshen mako, da hulunan kwano da riguna masu ɗame jiki.

Gawar ta wani dattijo ce, tsohon malamin makaranta, wanda 'yan ƙungiyar suke kira Baba Sannu saboda kullum shi ne na ƙarshe. Kekensa na gefe, tayar gaba ta lanƙwashe. Tun jiya da rana ya faɗa, amma ba wanda ya lura ba ya nan sai da 'yarsa ta fara kiran mutane da yamma.

Ciyaman ɗin ƙungiyar, wani mai kantin magani, ya riga su isowa tare da sauran 'yan keken. Ya bayyana cewa a kowace mararraba suna ɗaura jan ƙyalle a reshe, a gefen da za a bi. A mararrabar da ke sama da gadar, dama ce hanyarsu, hagu kuwa gangara ce mai tsanani da ke ƙarewa a bakin rami. Wani ya cire ƙyallen wurin, Baba ya bi hagu.

"Wa kake zargi?" in ji Insifekta.

"Mai gawayin nan da ke bayan tudu. Mun taɓa kai ƙararsa wurin ma'aikatan gandun daji, ya rantse sai mun gane kurenmu."

Insifekta matashi ne, sabon zuwa, kuma duk ofis an san shi da faɗa a kan kamun zato. Ya sha tsayawa gaban na ƙasa da shi yana cewa ɗan sandan da ya kama mutum kafin ya yi tunani ɓarawon 'yanci ne. Amma ga gawa a gabansa, ga masu tsadaddun kekuna suna magana da murya ɗaya. Kafin azahar mai gawayi yana bayan kanta.

Mutumin bai musa rigimar ba. Ya ce ya zage su, kuma gobe ma in suka watsa masa buhuna zai sake, amma bai taɓa ƙyallensu ba. Saje ya ɗauke shi da mari. Insifekta yana tsaye, ya sunkuya kamar yana neman wani abu a aljihun tebur.

Da ya fito ya tarar da matar mai gawayin zaune a ƙasa gindin katanga, da kwanon abinci a cinya. Ba ta roƙe shi ba. Ta dai bi shi da ido har ya shiga mota. Kallon nan ne ya mayar da shi daji.

Ya tsaya a mararrabar ya duba reshen. Ɓawon bai kurje ba, ba zare ko ɗaya a maƙale, ba guntun ƙyalle a ƙasa. Mai fushi fizga yake yi, ko ya sa adda. Wannan kwance shi aka yi, da hannun da ya san ɗaurin.

Washegari ya je shagon gyaran keke inda ƙungiyar take taruwa. Bangon shagon cike yake da hotuna, kowanne an ɗauke shi a ƙarshen hanya, mutane sun ɗaga kekuna suna dariya.

Ya tambayi Ciyaman wa yake cire ƙyallayen in an gama. Ciyaman ya ce aikin mai shara ne, wato wanda yake tafiya a bayan kowa. Shi yake riƙe da famfo da kayan faci, ba ya wuce kowa, kuma a kowace mararraba yakan ja bakin ƙyallen ya kwance, don hukumar daji ta hana a bar shi.

"Wane ne mai shararku?"

"Tsintsiya. Ɗan ƙanwar marigayin ne ma. Shi ya koya masa keke."

"Da kuka isa ƙarshe, kun duba kowa ya iso?"

"Kullum muna dubawa."

"Ban ce kullum ba. Shekaranjiya nake tambaya."

Ciyaman ya gyara gilashinsa. Ya ce da suka ga mai shara ya iso, sai suka ɗauka an kammala, ai ma'anar mai shara ke nan. Ranar kuma sun yi baƙi, 'yan gidan talabijin, kowa hankalinsa na kan kyamara.

Aka kira Tsintsiya daga bayan shago, dogon saurayi, idanunsa sun kumbura. Ya ce tun a tudu na biyu Kawu ya yi masa nisa, bai ƙara ganinsa ba. Da ya iso mararrabar kuma ba ƙyalle.

"Ka ga ba ƙyalle, kawunka na gaba, ba ka leƙa hagu ba?"

"Na ɗauka ya san hanya, ranka ya daɗe."

Insifekta ya juya. Yana bin hotunan bango ɗaya bayan ɗaya. Ba Baba Sannu a ko ɗaya, ba Tsintsiya. Wani bakanike ya yi 'yar dariya ya ce ai su biyun in sun iso har shayin ya huce, shi ya sa ake tsokanarsu da ango da amarya. Insifekta ya nemi ganin hoton shekaranjiya. Ciyaman ya miƙo wayarsa. Ga Tsintsiya can a tsakiya, ya ɗaga keke sama da kansa, haƙora duk a waje.

Da la'asar 'yar marigayin ta zo karɓar kayan mahaifinta. Saje ya zube su a tebur: fasasshiyar hular kwano, gorar ruwa, agogo, da wani ɗan famfo da aka ciro daga aljihun bayan rigarsa. Ta tattara sauran, ta ture famfon gefe.

"Wannan ba na Baba ba ne."

"Kin tabbata?"

"Bai taɓa sayen famfo ba. In na yi masa magana sai ya ce shi famfonsa ƙafa biyu gare shi, yana biye da shi a baya."

Insifekta ya sa aka shigo da keken. Ya sace iskar tayar baya, ya zaro tiyub ɗin. Ga sabon faci nan, gefensa har yanzu da danƙon gam.

Ya koma shagon kafin su rufe. Bai kira Tsintsiya gefe ba. A gaban Ciyaman da bakanike da duk masu zaman benci ya ajiye famfon a kan teburin aiki.

"Na wa ne?"

Bakanike ya dubi ƙugiyar bango inda famfon ƙungiya yake ratayewa. Ba komai a wurin. Insifekta ya juya ga Tsintsiya.

"Ka ce ya yi maka nisa. Yaya aka yi famfonka ya shiga aljihunsa?"

Tsintsiya ya zauna a kan wata tsohuwar taya. Ya fara magana yana kallon hannuwansa, muryarsa can ƙasa.

Ya ce kafin mararrabar tayar Kawu ta yi faci. Ya tsaya ya liƙe masa, yana duban agogo, don ya san 'yan talabijin ba za su jira ba. Shekara da shekaru yana shara, ko sau ɗaya fuskarsa ba ta fito a bango ba, har budurwarsa ta taɓa tambayarsa ko da gaske yana cikin ƙungiyar. Kawu ya lura da shi. Ya karɓi famfon ya ce, je ka ɗana, ni zan ba ta iska in biyo ka, yau dai a gan ka.

"Sai ka tafi."

"Na tafi."

"Ƙyallen fa?"

"Wallahi ban san na cire ba. Hannuna ne. In na zo mararraba hannuna yake miƙewa da kansa, don ni ban taɓa wucewa da mutum a bayana ba. Sai da aka ce ba a ga Kawu ba na buɗe jakata na gan shi."

"Da Ciyaman ya ce mai gawayi ne, me ka ce?"

"Ban ce komai ba."

"Da muka tafi da shi a gabanka fa?"

Ciyaman ya fara cewa ai yaro ne, kuskure ne, a bar maganar a cikin gida. Insifekta ya juyo ya ce masa mutum ɗaya ya cire ƙyalle, amma taron jama'a ne suka sha shayi ba wanda ya tambayi ina dattijonsu, sannan suka nuna wa hukuma talakan da ya fi sauƙin nunawa. Yana cikin faɗan ne ya tuna shi da kansa ya sa hannu aka kulle talakan, sai ya katse maganar.

Saje ya ciro ankwa. Insifekta ya girgiza kai. Tsintsiya ya miƙe da kansa, ya ɗauko jakarsa, ya zaro jan ƙyallen ya miƙa, ya bi su zuwa mota.

A caji ofis Insifekta bai aiki kowa ba. Shi ya karɓi makulli ya buɗe. Mai gawayi ya fito yana dafe da kuncinsa da ya kumbura. Insifekta ya ce masa an gano gaskiya, ya yi haƙuri, laifin shi Insifekta ne, ba na Saje kaɗai ba. Mutumin ya dube shi, ya ce gawayin da ya bari a rami ya riga ya zama toka, sannan ya wuce.

Matarsa na nan gindin katanga da kwanonta. Insifekta ya ce bari a kai su gida a mota.

"Motarku ce ta kawo shi," in ji ta. "Mun gode, za mu taka."

Ya tsaya a bakin ƙofa, makullin na hannunsa, yana kallonsu har suka sauka daga kwalta suka hau burji.