Littafin da Ake Buɗewa ta Dama

Ranar da labarin ya iske ni, ina bakin famfo ina wanke kofin maganin Malam, mijina. Auta ta shigo da gudu da waya a hannu, ta ce kamfanin buga littattafai ya karɓi littafinta. Shekara uku tana tura musu zane suna dawo mata da shi. Na yi murna, amma na san abin da zai biyo baya.

Auta tana zana labari irin wanda suke kira manga, mutane masu manyan idanu da gashi kamar tsintsiya ta kwance. A shagon buga takardu ta haɗu da saurayinta. Ta kai zanenta a kwafa mata, shi ke kan inji, ya shagala da kallon shafukan har takarda ta cushe. Tun ranar take ce masa Tawada, don hannunsa ba ya rabuwa da baƙi. Shi kuma ya ce mata Alƙalamina.

Malam tsohon hedimasta ne. Ya ce ba zai ba da 'yarsa ga wanda ya ɗaure mata gindin zanen aljanu ba. Ɗan abokinsa ya zo zance sau biyu, ya tambaye ta yaushe za ta bar wasan yara. Bai zo na uku ba. Da na matsa wa Malam, sai ya ce in zanen ya zama littafi, ya duba ya ga hankali a ciki, zai sake tunani. A lokacin ciwon zuciyarsa ya yi nisa, likita ya riga ya ja ni gefe ya gaya mini abin da ban gaya wa kowa ba. Na san in bai amince yanzu ba, babu wani lokaci.

Tawada bai jira kamfani ba, ya ɗinka kwafi ɗaya da hannunsa ya aiko. Bayan la'asar Malam ya kira ni ɗaki. Na tarar da littafin a ƙasa, numfashin Malam na sama-sama. Littafin kusan duk hoto ne, ba magana.

"Kin ga abin da 'yarki ta zana? Yarinya ta rungume ubanta a ƙofar gida, ta bi saurayi da jaka, suka hau jirgin ƙasa. Saƙo take aiko mini. Ki ce mata ta tafi, amma ba da yawuna ba."

Auta tana bayan ƙofa, ta ji komai. Daga baya ta nuna mini abin da ta tura: "Tawada, Baba ya ƙi. Kada ka sake zuwa. Ba zan zama ajalinsa ba."

Ya amsa: "Alƙalamina, ina ƙofar gida. Ba zan shigo ba, kuma ba zan tafi ba."

Ni a aji uku na bar boko. Littafin da hannuna ya saba da shi Alƙur'ani ne, don haka da na ɗauki na Auta, ta dama na buɗe ba tare da tunani ba. Sai ga yarinya ita kaɗai a wani gari tana kuka. Saurayi ya ɗaukar mata jaka, ya rako ta a jirgi, ya tsaya nesa. Ta faɗa jikin ubanta.

"Malam, ta ƙarshe ka fara."

"Ke za ki koya mini riƙe littafi? Shekara talatin ina koyarwa."

"Ta hagu ka yi ta koyarwa. Wannan ta dama yake."

Ya karɓa da ƙyar. Na zauna ina ƙirga numfashinsa yana juya shafi. Da ya kai ƙarshe ya daɗe yana kallon tsohon da ke ƙofa, da tabarau ɗaure da zare a kunne ɗaya, irin nasa sak. Ya cire nasa ya goge, ya ce a kirawo mai baƙin hannun nan.

Tawada ya shigo ya durƙusa. Ya ce laifinsa ne: manga ta dama ake karantawa, akwai shafin da ake sawa a hagu mai cewa nan ƙarshe ne, a juya, saurin kawowa ya sa ya manta.

"Shafi ɗaya ya kusa kashe maka aure."

"A hukunta ni, Baba."

"Hukuncinka ka riƙe mini ita. Allah ya yi muku albarka."

Auta ta faɗo ɗakin tana kuka tana dariya. Bayan sati uku aka ɗaura aure, Malam yana zaune a kujera da bargo a ƙafa. Ya ƙara kwana goma sha tara. Littafin kamfani ya fito bayan rasuwarsa, bai gan shi ba.

Na hannun Tawada yana kan teburin Malam. Kullum da safe, in na gama wanke-wanke, sai in goge hannuna in buɗe shi ta dama, in bi yarinyar shafi-shafi har ta iso gida, in tarar da shi tsaye a ƙofa.