Tsinke da Kular Mama

Ranar da Tsinke ya fara ganin Auta a kan sikeli yake tsaye, rungume da sirdinsa, yana hararar allurar sikelin kamar ta zage shi. Ita kuwa ta leƙo ɗakin awon mahaya ne tana neman wanda ya bar goɗiya da kumburarriyar ƙafa a bakin barga. Sabuwar likitar dabbobi ce a filin sukuwar, jakar magani a kafaɗa, takalman roba duk sun sha dusa.

Ta dube shi daga sama har ƙasa, abin da bai ɗauke ta wani lokaci ba, don Tsinke ba tsayi ba jiki. Ta ce, "Bawan Allah, kai ne marar lafiyar ko goɗiyar?"

Duk filin nan babu mai yi masa magana haka. Shi ne zakaran mahaya, wanda in ya kwanta a wuyan doki 'yan kallo ke miƙewa tsaye. Amma ranar sai kawai ya sauko ya bi ta har barga, ya riƙe mata kan goɗiyar tana ɗaure ƙafar, kuma kafin ta ƙulla bandejin ya san ya kamu.

Sai daga baya ya ji ko 'yar wa ce. Autar Koci ce. Koci a zamaninsa shi ne zakaran mahaya, ya sauka ya zama mai horar da dawaki mafi suna a filin, ya kuma ajiye tumbin da ke riga shi shiga ɗaki. Tsinke ya yi shekaru yana hawan dawakinsa, bai taɓa jin ya ce "madalla" ba.

Daga ranar dawakin da Tsinke ke hawa suka shiga ciwo iri-iri. Yau wannan ya yi tari, gobe wancan ya yi wani irin kallo. Auta tana sane, ta riƙa zuwa tana duba lafiyayyun dabbobi tana danne dariya. Ranar da ba ta zo ba sai saƙo ya bi ta.

"Likitata, goɗiyar nan ta ƙi cin dusa tun safe. Ina ganin sai kin zo."

"Na duba ta ɗazu. Ta cinye nata har ta leƙa na maƙwabciyarta. Mahayinta ne ba ya cin abinci. Me ka sa a cikinka yau, Tsinkena?"

"Na sha shayi. Na kuma kalli hotonki, na ƙoshi."

"Hoto ba ya maganin yunwa. Ka shirya, gobe Mama na son ganinka."

Falon gidan Koci cike yake da kofunan nasara da hotunan wani siririn saurayi a kan doki, wanda sai an rantse maka za ka yarda Koci ne. Mama ta jera abinci kamar za a ciyar da unguwa: shinkafa, soyayyiyar kaza, miya tana tururi. Tsinke kuwa yana da sukuwa a ƙarshen mako, kuma mahayi in ya haura nauyin da aka yanka wa dokinsa, to ranar kallo zai yi.

Don haka ya yi abin da kowane mahayi ya iya. Ya ɗebi shinkafa kaɗan, ya shanshana, ya yaba, sannan ya riƙa tura ta gefen faranti yana tara ta wuri guda, tsakiya ta zama fili kamar an ci.

Mama ta zuba masa ido har ya gama gininsa. Sannan ta ce, "Yaro, wannan tudun da kake yi a gefen faranti, mijina ne ya ƙirƙiro shi."

Koci ya sunkuyar da kai cikin kwanonsa.

A nan Mama ta zazzage abin da ke cikinta. Ta ce ƙuruciyarta kaf ta ƙare ne a dafa wa mutumin da zai tauna nama ya tofar. Mutumin da zai naɗe kansa da bargo ya shige mota da tsakar rana, ya rufe gilasai, wai yana zubar da nauyi. Ta ce ta san bencin asibitin ƙashi fiye da kujerun ɗakinta. Tana faɗa ana dariya, amma idonta ya kawo ruwa, kuma Tsinke ya gane ba ƙinsa take yi ba, tsoro take ji wa 'yarta. Ta rufe da cewa mai horar da dawaki in ya zo neman Auta za ta saurare shi, amma mahayi ko da kofin zinariya ya zo, ƙofa na nan a buɗe yadda ya shigo.

Tsinke ya dubi Auta da ke raɓe a bakin labule, ya yi ta maza, ya ce daga yau ya sauka. Koci ya yi dariya har tumbinsa na rawa. Ya ce shi ma haka ya riƙa sauka duk shekara yana komawa, mahayi ba ya barin sirdi sai sikeli ya kore shi. Duk da haka ya ba shi lungu guda a bargarsa, ya damƙa masa wata goɗiya mai taurin kai da ake kira 'Yar Rigima, ya ce ya shirya ta don babbar sukuwar ƙarshen shekara.

Babu wanda labarin ya yi wa daɗi kamar Guguwa, mahayin da ya gaji da zuwa na biyu a bayan Tsinke. Shi ma idonsa na kan Auta, ga shi Allah ya yi masa wata baiwa mai ban haushi: ya ci ya ci, ba ya ƙara ko kaɗan. Sai ya tsiri zuwa gaishe da Mama daidai lokacin da ake sauke tukunya. Ya share faranti, ya nemi ƙari, ya suɗe yatsu, Mama na ta washe baki. Duk ranar da Tsinke ya ga motarsa a ƙofar gidan, sai ya ji kamar ya haɗiye linzami.

Aikin horarwa kuwa ya ba shi wuya ta inda bai zata ba. Ciyarwa da wanka da fitar asuba duk ya iya. Tsayuwa a ƙasa ce ta gagare shi. In ya ɗora wani a kan goɗiyar ya tsaya a bakin shinge, kafin su yi nisa za ka ga ya ɗare shingen, ya kwanta, yana zungurin katako da dugadugansa. Masu share barga har wuri suke kamawa don kallo.

Amma a hankali ƙasa ta koya masa abin da sirdi bai taɓa nuna masa ba. Ya lura 'Yar Rigima ba taurin kai ne da ita ba, bulala ce ba ta so. Da ta ga an ɗaga hannu sai ta noƙe kunne ta rage gudu. Ya lura kuma in aka riƙe ta a baya har kwanar ƙarshe, haushin ganin wutsiyar wasu kaɗai ya ishe ta ta tashi sama.

Kullum da rana Mama na aiko masa da kular abinci, kullum yana mayar da ita a wanke. Abin da ba a sani ba shi ne, da sassafe yakan naɗe cikinsa da leda, ya ɗora rigar sanyi mai kauri, ya yi ta zagaye bayan barga da gudu har gumi ya cika masa takalmi. Kayan hawansa na nan a but ɗin mota, bai kuma je ya cire sunansa daga cikin mahaya ba. Guguwa ya gan shi wata safiya, ya ɗauke shi a waya tsaf, ya tura wa Auta har da gaisuwa.

Saƙonta ya iso kafin gumin ya bushe.

"Na ga bidiyon. Ashe abincin Mama a bayan barga kake zubar da shi. In hawa kake so ka fito ka faɗa min, ba sai ka yi wa uwata wasa da hankali ba."

"Wallahi sabo ne, Likitata. Jikina ne ya ƙi yarda."

"To in ya yarda ka neme ni."

Kula ta daina zuwa, saƙo ya daina zuwa. In Auta ta zo duba goɗiyar, da goɗiyar take magana. Tsinke ya shiga damuwa sosai, kuma abin da ya fi ci masa rai shi ne ta fi shi gaskiya. Yana son ta, yana kuma son ihun nan na 'yan kallo, ya ɗauka zai iya ɓoye ɗaya a but ɗin mota.

Ranar babbar sukuwa fili ya cika maƙil. Ana saura kaɗan a fito da dawaki, mahayin da Tsinke ya shirya wa 'Yar Rigima ya zame a tseren da ya gabata ya gurɗe ƙafa. Mahayi ɗaya ne ya rage ba shi da doki, Guguwa, don Auta ta hana dokinsa fita saboda ɗingishi.

Labari ya bazu, 'yan kallo suka fara kiran sunan Tsinke. Ya dubi Koci, Koci ya ɗaga kafaɗa ya ce goɗiyar a hannun Tsinke take, shi ya san wanda zai ɗora.

Bai san lokacin da ƙafafunsa suka kai shi mota suka dawo da shi ɗakin awo ba. Ya rungumi sirdi ya hau sikeli. Allura ta yi rawa ta tsaya daidai inda ake so, ko gashi ba ta haura ba. Gudun bayan barga ya yi aikinsa. Yana jin sunansa na shigowa ta taga.

Da ya ɗago sai ya ga Auta a bakin ƙofa, inda ta tsaya ranar farko. A bayanta Mama ce, wadda rabonta da filin nan tun faɗuwar Koci ta ƙarshe, riƙe da kular abincin mijinta. Auta ba ta ko harare shi ba, kallon ban kwana kawai take yi masa, kuma wannan ne ya fi tsorata shi.

Ya sauko a hankali, ya ajiye sirdin, ya zauna a benci.

"Mama," ya ce, "kular nan da abinci a ciki?"

Duk wanda ya san sukuwa ya san mahayi ba ya haɗiyar ko loma kafin tsere. Mama ta miƙa masa kular da cokali. Tsinke ya ci shinkafa ta tsakiya da ta gefe, ya kama cinyar kaza da hannu biyu, ya kora da ruwa gora guda. Koci na tsaye yana kallon abincin ranarsa na tafiya, ya buɗe baki, Mama ta taka masa ƙafa.

Ya sake hawa sikelin, allura ta wuce abinta. Mai awo ya girgiza kai ya ce ya haura. Tsinke ya ce alhamdu lillahi, ya yi gyatsa.

Sannan ya kira Guguwa ya miƙa masa rigar hawa. Guguwa ya tsaya yana jujjuya ta kamar akwai kunama a ciki.

"Ni za ka ba? Bayan bidiyon?"

"Kai ka fi kowa hannu a filin nan yanzu," in ji Tsinke, kuma maganar ta fi kazar wuyar haɗiya. "Bar bulalarka a nan. Ka riƙe ta a baya har kwanar ƙarshe, ko za ta tsinke maka hannu. Daga nan ka sakar mata."

Aka saki dawaki. 'Yar Rigima na can baya, 'yan kallo na zagin Guguwa. Tsinke kuwa tuni ya ɗare shinge, ya kwanta, yana dukan iska da cokalin Mama. A kwanar ƙarshe Guguwa ya saki linzami, goɗiyar ta bi ta waje tana wuce su ɗaya bayan ɗaya, ta shiga gaba da tazarar da ba ta bukatar gardama.

Jama'a suka kwarara cikin fili suka ɗaga Guguwa sama suna kiran sunansa. Ba wanda ya waiwayi siririn mutumin da ke saukowa daga shinge. Abin ya yi wa Tsinke zafi, ba zai ce bai yi ba. Sai ya ji hannu mai nauyi a kafaɗarsa.

"Haka aikin namu yake," in ji Koci. "In ta ci, mahayi ne. In ta faɗi, kai ne. Madalla, ɗana."

Wayarsa ta yi ƙara a aljihu. Auta na tsaye ɗan nesa kaɗan, kanta a sunkuye kan tata wayar, tana murmushi.

"Akwai miya a haɓarka, angona."

Guguwa bai yi ƙasa a gwiwa ba, ya kai kofin gaban Mama ya durƙusa. Ta yaba kofin, ta sa masa albarka, ta ce ƙofarta a buɗe take gare shi duk lokacin da aka sauke tukunya, amma maganar Auta an riga an cinye ta a ɗakin awo.

Kafin ranar aure sai da tela ya buɗe kayan ango har sau biyu yana mita. 'Yar Rigima ta ci gaba da cin tsere, masu dawaki suka fara layi a lungun Tsinke, shingen filin kuma aka ƙara masa katako a daidai inda yake hawa.

Ranar da aka ɗaura auren, ana tsakiyar cin abinci, Mama ta ratsa cikin baƙi ta zo ta tsaya a kan ango. Ta ɗaga farantinsa ta duba tsakiya, ta duba gefe, har ƙarƙashi ta leƙa. Babu tudu, babu ko ƙwaya. Ta ajiye farantin ta goge ido da gefen mayafinta, ta kamo hannun Auta ta ɗora a kan nasa.

"Ga ta nan, ɗana. Allah ya ba ku zaman lafiya, ya sa ku tsufa tare da ƙasusuwanku cikakku. Allah ya sa kullum tukunyarku ta koma wanki babu saura."

Kowa ya ce amin. Koci ya fi kowa ɗaga murya, yana janye nasa farantin nesa da surukinsa.