Rijiyar da Mushe Mutari Ya Bayar

Ana gab da kiran magariba, Hinda na tuƙa tuwo a tsakar gida, dutsen farko ya faɗo kan kwanon ɗaki. Na biyu ya sauka kusa da murhu. Da ta ɗauka sai ta ji shi jiƙe, da sanyi da gansakuka. Ta leƙa bayan katanga, babu kowa.

Mijinta Mutari malamin kimiyya ne a Kwaya, Mushe ake ce masa, kamar yadda ake kiran malaman boko a can. A bana ya zura na'urar auna ruwa cikin tsohuwar rijiyar unguwa da ke bakin garkarsa, wato lambunsa, ya haɗa ta da famfo mai aiki da hasken rana. Bai iya rubutun kwamfuta ba, amma ya samu wata hanya ta 'yan koyo, wadda ake jera umarni kamar tubali, ya gina aplikasiyon, wato manhaja, a wayarsa. Daga kan tabarma yake ganin zurfin ruwa nan take; in ya danna famfo ya tashi, in ya danna ya tsaya. Ran Laraba da yamma ya kunna, ya tafi masallaci, ya manta. Kafin ya tuna, famfon ya zuƙe ruwan har laka.

Washegari ruwa ya dawo, jifa kuma ya fara.

A yammaci na uku, 'yarsu Surayya ta ajiye tsintsiya ta zauna tana fuskantar bango. Ruwa na ɗiga daga kitsonta, alhali ba ta yi wanka ba. Mutari ya duba wayarsa, ya ga ma'aunin na hawa yana sauka, daidai da numfashin yarinyar.

"Malam, wannan ba zazzaɓi ba ne," Hinda ta ce wa mijinta.

Aka ɗauko Malam Abdulmumini daga Sassumbrum a kan babur. Ya zauna ya yi karatu mai tsawo, har gidan ya yi tsit. Can sai Surayya ta juyo, muryar tsohuwa ta fito daga bakinta.

"Masu guga muna jin igiyarsu mu matsa. Shi kuwa yana zaune a gida ya kwashe mu ba sallama. Jaririna ƙarfensa ya haɗiye. Rai da rai."

"Yarinyar nan ba ta danna kome ba," in ji malamin. "Ki ji tsoron Allah."

"To a ba ni idanun uban."

Malam ya ɗaga murya da karatu. Surayya ta yi ƙara, ta birgima, jini ya fito mata a hanci.

"Tsaya!" in ji muryar tsohuwar. "Zan fita. Amma da ruwan zan tafi, duka."

Malam ya dubi Mutari. "Mushe, rijiyar nan ba taka kaɗai ba ce. Ka ba ni lokaci in ci gaba."

Mutari ya dubi jinin da ke zuba kan rigar 'yarsa. "Ki ɗauka," ya ce.

Surayya ta yi atishawa sau uku, ta buɗe ido ta kira innarta.

Da safe matan unguwa suka zura guga, busasshen rairayi ya fito. An yi yasa sau biyu, ko danshi ba a samu ba. Tun daga nan, kullum kafin ya tafi lakwal koyarwa, Mutari yakan ɗaura amalanken jaki ya yo ruwa daga ƙauyen gaba, ya bi gida gida yana saukewa. Matan suna karɓar ruwan. Har yau babu wadda ta amsa gaisuwarsa.