Turaren da Ya Ƙi Kama Wuta

"Wallahi, Mastura, ba zan ba mai sayar da giya 'yata ba!"

Saura kaɗan tiren shayi ya suɓuce mini.

"Baba, turare fa Mahadi yake sayarwa a unguwar Waziriyya..."

"Turare mai giya a ciki! Hatim ya gaya mini komai."

Hatim ɗan Gwaggona ne, shekara biyu yana bina ina zillewa. Ya harɗe ƙafa a falonmu yana murmushi, sai ka ce an riga an shafa fatiha. Mahadi kuwa, abin ƙaunata, yana durƙushe a bakin ƙofa da kwalbar turaren da ya kawo wa Baba kyauta. Tausayinsa ya kama ni har idona ya ciko.

"Baba, a duba jikin kwalbar," in ji Mahadi a ladabce. "An rubuta alkohol firi. Turanci ne, ma'anarsa babu sinadarin giya ko ɗigo. Ana rubuta shi a jikin lemo, da maganin kurkure baki, da turare irin wannan."

"Ai nawa ma haka aka rubuta, Kawu!" Hatim ya zaro wata kwalba mai ruwan zinare. "Kuma daga Faransa!"

Na lura takardar da aka manna a jikinta a karkace take, har danƙo na leƙowa ta gefe.

To, Babana bai yarda da rubutu ba. Ko madara ya sayo sai ya shinshina.

"Ya isa," ya ce. "Giya wuta take kamawa. Mastura, yalla, yi maza miƙo ashana."

Ya ƙyasta, ya fesa mata na Mahadi.

Fus! Ta mutu.

Ya sake ƙyastawa, ya ɗauki na Hatim.

"Kawu, ai ba sai an..."

Fuuu!

Wuta ta tashi ta lashe gefen gemun Baba! Ƙauri ya cika falon. Na yi ihu, Mahadi ya zabura ya danne wurin da hularsa. Kafin mu waiga Hatim ya kai matakala, takalminsa a hannu.

"Habibti, masoyiyata, daina dariya mana," Mahadi ya raɗa mini, alhali shi ma kafaɗarsa rawa take.

Baba ya daɗe yana kallon fuskarsa a bayan tiren shayi kamar madubi.

"Mahadi, ka turo manyanka ranar Juma'a."

Zuciyata ta buga, daɗi ya rufe ni!

"Amma ɗaurin aure sai bayan wata biyu," ya ƙara, yana shafa haɓarsa. "Ba zan shiga hoto da rabin gemu ba."