Hannun Yaya Dalhatu a Kwamfutar Haulatu

Haulatu na tankaɗen gari a tsakar gida, a Gumel, surukarta Inna ta shigo ba sallama, ta miƙa mata waya. Hotunan hirar batsa ne da wani direban babbar mota, duk daga shafinta na sada zumunta aka tura.

Haulatu ta karanta zuwa layi na uku ta tsaya. Ta rantse ba ta san mutumin ba, Inna ta ce ta tattara kayanta.

Mijinta Mu'azzam yana aikin fiton kaya a Maigatari, sai Juma'a yake dawowa. Shi ya saya mata kwamfuta don karatunta. Yayansa Dalhatu, mai gyaran kwamfuta a bakin kasuwa, ya saka mata wata manhaja, wai in ta lalace zai gyara daga gidansa ba sai ya zo ba. Dalhatun nan ya taɓa neman Haulatu ta ƙi shi, amma kowa ya ɗauka maganar ta wuce.

Da labari ya kai masa, Mu'azzam ya iso ranar da la'asar, idanunsa jajur. Tana kuka ta faɗa masa sau biyu tana ganin 'yar kibiyar kan allo na motsi ba mai taɓa ta.

"Yanzu aljani za ki ɗora wa, Haulatu?"

"Ban ɗora wa kowa ba. Abu ɗaya nake roƙo, kar ka rubuta takarda, kuma ka bar kwamfutar a kunne."

Sati uku ta yi a gidan iyayenta a Sule Tankarkar. Mata na zunɗenta a bakin famfo, ita dai ta ɗebi ruwanta ta wuce.

Wata Asabar da hantsi Mu'azzam na zaune a ɗakinta, sai kibiyar ta motsa. Ta buɗe hotunan Haulatu, waɗanda ta ɗauka ba mayafi don shi kaɗai, ta shiga kwashe su ɗaya bayan ɗaya. A gefen allo ga sunan na'urar da ta shigo: Dalhatu. Ya miƙe zumbur. Sannan ya kira Inna, ta tsaya ta gani da idonta.

Da aka titsiye Dalhatu sai ya amsa shi ya tura hirar batsar daga shafinta, ya ce sharrin shaiɗan ne. Inna ta tofar da yawu.

"Tir da kai. Matar ƙaninka, Dalhatu? Kada ka ƙara tako gidan nan."

Ita da kanta ta hau mota zuwa biko. Mu'azzam ya durƙusa gaban Haulatu ya kasa haɗa ido da ita. Ta yafe masa, amma sai da aka goge manhajar aka canza fasuwod, wato kalmar sirri, a gabanta sannan ta shiga ɗakin.

Haƙurinta ya wanke ta. Kada a yanke wa mace hukunci da abin da aka gani a allo, kuma kada a ba kowa damar shiga na'urar gida daga nesa don kawai ɗan uwa ne.