Man da Ya Ƙi Haɗa Mata

Da kwalba a hannu Auta ta faɗa ɗakin gwajin kamfanin sabulu, inda wata ƙawarta ta nuna mata ƙofa. Sana'arta yi wa amare kwalliya, amma tambayoyin da ke kanta sun fi hodar jakarta yawa.

"Don Allah malam, me ya sa man da na haɗa ya rabu? Jiya lafiya lau, yau ruwa a ƙasa, mai a sama!"

Wani saurayi ma'aikacin wurin ya ɗago daga kan ma'auni, ya gyara tabarau. "Ruwa da mai ba sa shiri. Akwai sinadarin da kansa ke son ruwa, jelarsa ke son mai, shi ke riƙe su."

"Kai! Sake faɗa in rubuta!"

Ta rubuta, ya ƙara mata da lambar waya, wai ko wata tambayar za ta taso. Ai kuwa kullum sai ta taso.

"Malam Sinadari, me ke hana jan baki narkewa a jaka?"

"Kaki ne a ciki, irin na zuma, 'Yar Tambayata. Ni da ba ni da kaki, ina ganin saƙonki nake narkewa."

Auta ta rungume wayar tana tsalle a kan gado, har yayarta ta leƙo ta ga ko lafiya.

Da maganar aurensu ta taso, Abba bai ƙi ba. Umma ce ta ce atafau. "Mai haɗa mayuka? Ba a gidan nan ba. Su ne masu ɓata wa mata fuska." Sati biyu Auta na kuka, ko burushi ba ta ɗaga ba.

Rannan Umma ta sa aka kira shi falo. Auta ta laɓe bayan labule. Umma ta dire wata kwalba marar takarda a gabansa.

"Ka ga 'yata baƙa ce. Ka haɗa mata irin wannan, mai ƙarfi, ta yi fari kafin biki. Ka yi, na ba ka ita."

Auta ta runtse ido. Ta san illar man sarai, amma wallahi so take ya ce to.

Ya buɗe, ya sansana, ya mayar da murfin. "Umma, ki gafarce ni. Irin wannan cinye fata yake, rana ta zo ta ƙone abin da ya rage. Ina son Auta kamar raina, amma ko za ki hana ni ita, ba zan haɗa ba."

Umma ta jiƙa gefen mayafinta da ruwan kofi, ta goge kuncinta. Baƙaƙen tabo suka fito daga ƙarƙashin hoda.

"Wanda ya haɗa mini nawa ko musu bai yi ba," ta ce. "Tashi, ɗana, ka je ka turo manyanka."

Ihun murnar da Auta ta saki ne ya tona inda take.

Ranar ɗaurin aure ita ta yi wa kanta kwalliya, baƙar fatarta sai sheƙi take. Umma ta haɗa hannuwansu cikin nata, tana dariya tana hawaye.

"Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya. Kai kuma, in ta kama, ka riƙa ce mata a'a."

"Haba Umma!" in ji amarya. Duk ɗakin aka amsa da amin.